Yadda Ake Samun Natsuwa ta Hanyar Lura da Kai, Mataki-Mataki

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Ka kwanta jiki ya yi laushi, amma kai yana ta aiki: maganar da wani ya yaɓa maka da rana, bashin da wa'adinsa ya matso, amsar da ya kamata ka bayar ba ka bayar ba. Gari ya waye ka tashi kamar ba ka runtsa ba. A irin wannan hali na fara abin da zan koya maka, yau shekara 11 ke nan, kuma har yanzu ina yin sa kusan kowace safiya. Na nuna wa mutane da dama, na kuma ga inda suke tuntuɓe. Kusan duk wuri ɗaya ne.

Mai farawa yakan ɗauka natsuwa ita ce kai ya yi tsit, tunani ya ɗauke cak. Sai ya zauna, kafin daƙiƙa 20 zancen zuci ya yi awon gaba da shi, ya tashi yana cewa shi kam ba a yi shi don wannan ba. To ka riƙe wannan tun yanzu: tunani ba zai tsaya ba, kuma ba tsayar da shi ake nema ba. Abin da ake koyo shi ne ka gane lokacin da hankalinka ya tafi, ka dawo da shi ba tare da faɗa ba. Duk matakan da ke ƙasa hidimar wannan abu guda suke yi.

Kayan da za ka tanada

Na farko abin zama. Kujera mai ƙarfin mazauni, wadda tafin ƙafarka zai taka ƙasa sosai, ta wadatar. In ka fi son zaman ƙasa, sa matashi a ƙarƙashinka yadda ƙugunka zai ɗan ɗara gwiwoyinka, in ba haka ba baya zai lanƙwashe, kafin minti 5 ya fara ciwo. Babu matashi, ninke bargo. Gado kuwa ba na ba mai farawa shawararsa, domin jiki ya san abin da ake yi a kansa, barci ne zai zo.

Sai agogo mai ƙararrawa, don kada ka riƙa buɗe ido kana duba lokaci. In wayarka za ka yi amfani da ita, kashe intanet da kira tukuna, saita ƙararrawa mai taushin sauti, sannan ka kife ta inda hannunka ba zai kai ba. In babu agogo babu waya, yatsunka sun isa, zan nuna maka yadda ake yi a mataki na 4.

Sai ɗan littafin rubutu da biro, wanda ba a rubuta komai a cikinsa sai wannan.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi wuyar samu, minti 10 a lokaci ɗaya kullum. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rataya shi a jikin abin da dama kana yi ba fashi, kamar da zarar ka wanke baki da safe. Ba ka bukatar ɗaki na musamman, ba ka bukatar manhaja, ba ka ma bukatar shiru. Na yi shekaru ina zama a gida mai hayaniyar yara, ƙarar ta zama cikin abin da nake aiki da shi.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka zauna

A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokutan da ba su zata ba: me kake yi yanzu, me kake tunani, yaya ranka? Sai aka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi, kuma a waɗannan lokutan ransu ya fi rashin daɗi. Ke nan yawon hankali halin ɗan Adam ne, ba aibinka kai kaɗai ba.

Inda matsalar take, jiki ba ya bambancewa sosai tsakanin haɗarin da ke gabanka da wanda kake saƙawa a zuci. Ka tuno rigimar jiya, zuciya ta ƙara bugu, muƙamuƙi ya ɗaure, ciki ya murɗa, alhali kana zaune kai kaɗai. Jijiyoyin jiki suna da ɓangaren da ke tayar da shi don gudu ko faɗa, suna kuma da wanda ke kwantar da shi. Za mu yi amfani da numfashi mu taɓa na biyun, mu yi amfani da lura mu daina hura wa na farkon wuta. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, al'ummomi da yawa sun san ta. A asibitocin zamani ta shiga ne ta hannun Jon Kabat-Zinn, wanda a 1979 ya tsara ta a matsayin horo na mako 8 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, musamman don masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wannan ya isa, mu zauna.

Mataki na 1: Zama

Zauna, miƙe gadon bayanka ba tare da sandarewa ba, kamar mai sauraren maganar da ta shafe shi. Hannuwa a kan cinya. Haɓa ta ɗan sauko kaɗan don ƙeya ta saki. Rufe ido, ko ka bar shi a ɗan buɗe kana kallon ƙasa kamar taku biyu a gabanka. Mai ciwon baya ya jingina, wanda zama ke wahalar da shi ya kwanta a ƙasa ya tanƙwara gwiwa. Kada ka tilasta wa ƙafafunka wani salon zama da ka gani a hoto, ciwon gwiwa ba ya ƙara wa kowa natsuwa.

Mataki na 2: Ajiyar zuciya, sannan saukar da numfashi

Fara da ajiyar zuciya 3, da gangan. Shaƙi iska ta hanci har ƙirji ya kusa cika, ƙara ɗan shaƙa kaɗan a kai, sannan ka sake ta ta baki a hankali har ta ƙare. Ka taɓa lura da yaron da ya gama kuka, yadda yake jan numfashi sau biyu sannan ya sauke? Shi ne wannan, jiki ya iya shi tun haihuwa. A wani bincike na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2023, waɗanda suka yi irin wannan numfashi minti 5 kullum na kusan wata guda sun samu sauƙin rai a fili, numfashinsu na yau da kullum ma ya rage sauri.

Daga nan ka koma numfashi ta hanci, kana ƙirga 4 wajen shaƙa, 6 wajen fitarwa, har sau 6. Minti ɗaya ke nan. Baligi a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, kai yanzu ka sauko da shi zuwa 6. Dalilin tsawaita fitarwa kuwa, bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa idan ana shaƙa, ya ragu idan ana fitarwa. In ka ba fitarwar lokaci mai tsawo, ka ba ɓangaren kwantarwa dama ke nan. Ɗora tafin hannu a kan cibiya: in ciki ne ke tashi yana sauka, ka yi daidai. In kafaɗu ne ke hawa, saki ciki.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zuƙar iska da ƙarfi da sauri, wai don a cika huhu. Sai jiri ya zo, yatsu su fara ji kamar ana tsira musu allura, mutum ya tsorata. Ba wata cuta ba ce, iskar da jiki ke fitarwa ce aka kwashe fiye da kima. Tsaya, bar numfashi ya koma yadda ya saba, zai wuce. In 4 da 6 sun yi maka tsawo, yi 3 da 4. Mai mura ko toshewar hanci ya yi da baki, leɓɓa a ɗan tsuke.

Mataki na 3: Zagaya jiki

Yanzu daina sarrafa numfashi. Kai hankalinka tafin ƙafa, ka ji abin da ke wurin: sanyi, ɗumi, nauyin da ke danna ƙasa, ko ba komai. Haura ƙwauri, gwiwa, cinya, ƙugu, ciki, ƙirji, baya, kafaɗu, hannuwa, wuya, fuska. Numfashi ɗaya ko biyu a kowane wuri, duka kamar minti 2.

Ba gyara ka zo yi ba, dubiya ka zo. Amma za ka tarar akwai wuraren da damuwa take ɓuya a jikinka, kuma kullum nan ne. Nawa muƙamuƙi ne da tsakanin gira. Na yi shekaru ina cije haƙora ban sani ba, sai da na fara wannan zagaye na gano. Wasu kafaɗu ne, wasu ciki, wasu maƙogwaro. Ka san naka da kyau, domin nan gaba shi ne zai riƙa yi maka gargaɗi tun kafin ranka ya gama ɓaci.

In ka kai hankali wuri ba ka ji komai ba, wanda yakan faru ga waɗanda suka daɗe suna zaune a cikin kawunansu, yi amfani da dabarar wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ta shekarun 1920: dunƙule hannu da ƙarfi na daƙiƙa 5, saki, ka lura da bambancin. Haka za ka yi wa kafaɗu da fuska. Bayan 'yan kwanaki ba za ka bukaci dunƙulewar ba.

Mataki na 4: Kafa turke

Hankali yana bukatar wurin da zai riƙa komawa, kamar dabba da turkenta. Zaɓi wuri ɗaya da kake jin numfashi a fili, bakin hanci inda iska ke shiga da sanyi ta fita da ɗumi, ko ciki inda yake tashi yana sauka. Ka zaɓa, ka zaɓa ke nan, kada ka yi ta canzawa a tsakiyar zama. Bar numfashin ya zo yadda ya ga dama, gajere ko dogo, naka kallo ne kawai.

Duk fitar numfashi ka ƙirga a zuci: 1, 2, har 10, sannan ka koma 1. In ka ɓace a hanya, ko ka tsinci kanka a 17, koma 1. Wanda ba shi da agogo ya lanƙwasa yatsa ɗaya duk lokacin da ya kai 10 ko ya koma farko bayan ya yi nisa. Yatsu goma sun kai wajen minti 7 zuwa 8.

Akwai waɗanda kallon numfashi ke sa su ji kamar an shaƙe su, musamman masu asma ko waɗanda suka taɓa fama da firgici mai tsanani. Kada su dage. Su kafa turkensu a tafin hannu, ko inda ƙafa ta taɓa ƙasa, ko a kunne: su saurari sautin da ya fi nisa, da wanda ya fi kusa, ba tare da bin labarin sautin ba. Aikin ɗaya ne.

Mataki na 5: Dawowa

Nan ne zuciyar abin, don haka zan daɗe a kai.

Za ka kai 3 ko 4, sai ka farga kana tsakiyar gardama da wanda ba ya ɗakin, ko kana lissafin abin da za ka yi gobe. Ba ka san lokacin da ka tafi ba, babu wanda ke sani. Abin da ka sani shi ne lokacin da ka farga. Wannan fargar ita ce sanin kai da ake magana, ita ce kuma abin da ka zauna dominsa. Wanda hankalinsa ya tafi sau 30 ya dawo da shi sau 30 ya yi aiki sau 30. Da bai tafi ba, da me zai koya?

Idan ka farga, abubuwa uku za ka yi, cikin daƙiƙa kaɗan. Ka ga inda ka je. Ka saki abin a inda yake, ko da bai ƙare ba. Ka koma turke, ka fara daga 1.

Na biyun ya fi wuya, saboda tunani yakan zo da hujja. Zai ce maka wannan kam muhimmi ne, in ba ka warware shi yanzu ba za ka manta. A watannina na farko na sha faɗawa wannan rami, in ɓata zama sukutum ina tsara wasiƙar da zan rubuta. Maganin da na samu shi ne littafin nan a gefena. In abu ya dawo sau uku yana ƙwanƙwasa ƙofa, sai in buɗe ido, in rubuta kalma biyu, in rufe. Da zarar ya ga an ba shi wurin zama a takarda, yakan ƙyale ni.

Sai muryar da ke biyo bayan farga: ka gani ko, ko minti ɗaya ka kasa, wasu suna iyawa ban da kai. Ka saurare ta da kyau, domin ita ce muryar da kake yi wa kanka magana da ita duk yini ba ka lura ba. Da yawa daga cikin rashin kwanciyar hankalinmu daga nan yake fitowa. Yadda za ka dawo da hankalinka shi ne yadda uwa take dawo da yaro mai koyon tafiya da ya nufi ƙofa: ta ɗauko shi, ta ajiye, ya sake tafiya, ta sake ɗaukowa, ba tsawa ba duka. In ka dawo da zafi, fushi kake koya wa kanka minti 10 kullum. Na ga wanda ya yi wata biyu a haka ya ce abin yana ƙara masa ƙunci, da muka bincika sai ga shi duk zaman zagin kansa yake yi.

Kada kuma ka kori tunani. A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya ce wa mutane su yi minti 5 kada su tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, su kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu a rai. Suka yi ta kaɗawa. Da aka ba su izinin tunanin daga baya, sai ya zo musu da yawa fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Don ka tabbatar ba ka tuna abu ba, dole wani sashe na ƙwaƙwalwarka ya riƙa leƙa shi. Shi ya sa wanda ya ce wa kansa daina damuwa yake kwana da ita. Bar tunanin ya zauna a gefe, kai dai ka mayar da ido kan turke.

Mataki na 6: Kira abu da sunansa

Bayan mako ɗaya ko biyu, ƙara wannan. Idan ka farga, ba wa abin da ya ɗauke ka suna da kalma ɗaya, a zuci, a hankali: shiri, tunowa, fargaba, haushi, kewa, kunya. Sannan ka nemi inda yake a jiki, ka yi numfashi biyu ko uku a wurin, ka koma turke.

Yadda ka faɗa yana da tasiri. Ka ce ga haushi ya zo, maimakon an ɓata min rai. Na farko yana nuna maka baƙo ne da ya shigo kuma zai fita, na biyu yana jan ka cikin labarin wanda ya yi laifi, wutar ta sake ruruwa. A 2007, a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles, Matthew Lieberman da abokan aikinsa sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Idan mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da ke fuskar, sai aikin amigdala, ɗan sashen nan da ke kaɗa ƙararrawar haɗari, ya ragu.

Ka yi ƙoƙarin samo sunan gaskiya. Sau da yawa abin da ka kira fushi, in ka zauna da shi kaɗan, sai ka ga tsoro ne a ƙarƙashinsa, ko jin an raina ka, ko gajiya zalla. A ganina wannan mataki ya fi kowane amfani a zaman tare da mutane. Amma kada ya koma bincike, kana tambayar me ya sa, tun yaushe, laifin wa. Kalma ɗaya, wuri ɗaya a jiki, shi ke nan.

Mataki na 7: Tashi da rubutu

Ƙararrawa ta kaɗa, kada ka zabura ka ɗauki waya. Buɗe ido, kalli abu uku a ɗakin, motsa yatsu. Rubuta layi uku: kwanan wata, abin da ya fi ɗauke ka, da inda jiki ya ɗaure. Kada ka ba zaman maki, wai yau ya yi kyau jiya bai yi ba. Bayan wata guda ka karanta daga farko. Yawancin mutane sukan tarar damuwoyi biyu ne ko uku kacal suke canza riga suna dawowa. Ranar da na ga nawa a rubuce, abin da nake gani kamar dutse ya koma abin da ake iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya.

Mataki na 8: Fito da shi cikin yini

Minti 10 na safe wasa wuƙa ne, yankan yana cikin yini. Zaɓi aiki ɗaya da kake yi kullum ba tare da tunani ba, wanke hannu ko hawa matakala ko buɗe ƙofa, ka yi shi da dukkan hankalinka har mako guda: sanyin ruwan, santsin sabulu, ƙarar zubarsa. Mako na gaba ka ƙara wani.

Sai tsayuwar minti 3, wadda masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka sa a horon da suka tsara don hana ciwon baƙin ciki dawowa. Minti na farko ka tambayi kanka: me ke kaina, me ke raina, me ke jikina yanzu? Na biyu ka tattara hankali kan numfashi. Na uku ka faɗaɗa shi ya game jiki duka da wurin da kake. Ana yin ta a mota kafin a fita, a layi, ko kafin shiga taro.

Wanda na fi so shi ne sauraro. Idan wani yana maka magana, muryarsa ta zama turkenka. Za ka kama kanka kana shirya amsa tun bai kai rabi ba. Saki amsar, koma muryarsa. Mutanen gidana sun ga wannan canji a kaina tun kafin ni in gani.

Wanda zama wuri ɗaya ya gagare shi ƙwata-ƙwata, ya mayar da minti 10 ɗinsa tafiya. Taku 10 zuwa 15 gaba, juyo, dawo, a hankali, hankali a tafin ƙafa: ɗagawa, miƙawa, saukewa. Tafiyar ba ta gaza zama ba, daidai suke.

Mataki na 9: Lokacin da rai ya ɓaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba a ranakun lafiya ba, ba zai tuna komai ba ranar da aka taka shi. Amma in ka yi makonni kana yi, ga yadda za ta kasance: an faɗa maka magana mai zafi, sai ka ji wurin nan naka ya ɗaure, muƙamuƙi ko ciki. Wannan ne gargaɗin. Rufe baki, ji ƙafarka a ƙasa, yi ajiyar zuciya ɗaya mai tsawo, ka ce a zuci ga fushi. Sannan ka zaɓa: ka amsa yanzu, ko ka ce za mu yi magana an jima. Saƙon waya da aka rubuta cikin zafi, rubuta shi in ka so, amma kada ka tura sai ka sake karantawa bayan awa ɗaya.

Kada ka fahimce ni a baibai. Natsuwa ba ta nufin haɗiye zalunci ko murmushi a kan abin da bai dace ba. In akwai abin da ya kamata a faɗa, a faɗa, in akwai wurin da ya kamata a bari, a bari. Bambancin kawai, kai ne ka yanke shawarar, ba zafin minti ɗaya ba. Wani lokaci kuma za ka farga ne bayan ka riga ka yi faɗan. Haka ake farawa. Farga tana zuwa bayan awa, sannan bayan minti, sannan a tsakiyar magana, kafin wata rana ta riga bakinka.

Abubuwan da ke sa a daina

Gaggawa ce ta farko. Ni da minti 40 na fara, na yi kwana 4, na bari har wata biyar. Tsaya a minti 10 na wata guda cur, sannan ka ƙara 5 in ka ga dama. In 10 ta yi yawa, yi 3. Kada ka raina wuyar zama da kai: a wani gwaji na Jami'ar Virginia a 2014, an bar mutane su kaɗai na minti 15 ba waya ba littafi, sai maɓallin da ke jan mutum da lantarki kaɗan. Kashi biyu bisa uku na maza da kashi ɗaya bisa huɗu na mata sun danna shi da kansu. Ƙosawar da za ka ji a makon farko kowa yana jin ta, ita ma ka kira ta da sunanta.

Na biyu fashi. Ka tsallake kwana ɗaya, sai zuciya ta ce ai an riga an ɓata. Binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kwana 66 a matsakaici kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ka yi da fashi abin da kake yi da tunani: ka gani, ka koma 1.

Na uku gyangyaɗi. Buɗe ido, miƙe tsaye, ko ka sauya lokaci. In kullum barci ke kwashe ka, jikinka bashi yake bin ka, ka biya shi tukuna. Ƙafa in ta sage, gyara zama a hankali, babu lada a jure ciwo.

Na huɗu farautar daɗi. Wata rana za ka ji wani sanyi ya ratsa ka, kai ya yi wasai. Gobe ka zo nemansa, ba ya nan, ka ce ka koma baya. Kada ka auna ci gaba da abin da ka ji a zaune. Auna shi da tsawon lokacin da ɓacin rai ke ɗauka kafin ya sake ka, da yawan maganganun da ba ka yi da-na-sanin faɗa ba.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi. Ga wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, hatsari ko cin zarafi ko rashin da bai warke ba, rufe ido da juyawa ciki kan iya tayar da abin da ke kwance. Masu bincike a Jami'ar Brown, Jared Lindahl da Willoughby Britton, sun tattara irin waɗannan wahalhalu daga bakin masu yin zaman a 2017: tsoro, dawowar mugun abin da ya wuce, jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. In ka ji haka, buɗe ido nan take, taka ƙasa da ƙarfi, ambaci abu biyar da kake gani a ɗakin da babbar murya, ka tsaya. Daga baya ka koma tafiya ko sauraron sauti da ido a buɗe, minti 2 ko 3 kawai. In kuwa baƙin ciki ya wuce mako 2 yana hana ka ci da barci da aiki, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, ka ga likita ko ƙwararren mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba da jinkiri ba, ka kuma gaya wa wani na kusa da ka yarda da shi. Mai shan magani kada ya ajiye shi don ya fara wannan zama, ya sanar da likitansa, su tsara yadda za a haɗa biyun.